Rumbun Ajiya da Dutsen Bagazam

A ƙasarmu babu dutse. Ƙauyenmu yana yamma da Ɗambatta, ba nisa, kuma duk inda mutum ya tsaya gona ce ta jingina da gona, sai layin gamba ke nuna inda ta wane ta ƙare ta wane ta fara. Tudun da na tashi na sani shi ne juji da suri. In sama ta yi garau mukan hango duwatsun Kazaure can arewa kamar shanu a kwance, amma ban taɓa samun dalilin zuwa gindinsu ba, balle hawa. Sai ga shi Allah Ya rubuta mini hawan wanda ya ninka su, a wata ƙasa, cikin shekarun fari. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Wani ƙaramin rumbu ne da ke bayan gidanmu.

Tun kafin a haife ni akwai wani Ba'abzine da ke sauka a gonar mahaifinmu kowace shekara bayan kaka. Mu nan Buzaye muke ce musu baki ɗaya. Yakan zo da raƙumansa ɗauke da gishiri da dabino, ya yi zango a gindin gawon da ke tsakiyar gonar, raƙuma su ci kara su bar mana taki. Inna ta riƙa aika masa da tuwo, shi kuma ya ba gidan kantun gishiri da cuku. In ya gama zaga kasuwanni, sai ya sayi gero ya yi arewa kafin zafi ya kankama. Mu yaran gida Baffa muke kiransa, don shi da Baba sun wuce baƙo da mai masauki.

Zuwansa na ƙarshe raƙuman sun iso a rame, wasu ma a hanya suka kwanta ba su tashi ba. Da ya tashi komawa ya ga waɗanda suka rage ba za su ɗauke duk geron da ya saya ba. Sai ya ware wani kaso a dami, ba a sussuka ba, don ya fi jimawa bai lalace ba. Baba ya ba shi ƙaramin rumbunmu, aka zuba, aka liƙe bakin da laka, aka kifa jinka. Baffa ya ce sai baɗi in Allah Ya kai mu. Baɗi ta zo, bai zo ba, babu kuma wanda ya zo daga wajensu.

A wannan daminar ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Ta bayanta ta fi muni, mu shuka ta ƙone, mu sake ta ƙone. Babban rumbu ya ƙare. Awaki suka tafi kasuwa, shanun noma suka bi su, sannan jaki. Abincin gida ya koma dusa da ganyen tafasa da ɗan garin rogo in an samu. A lokacin gandu ɗaya muke: Baba da Inna, da Yayana da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, sai ni da ban yi aure ba. Kowa a gidan ya san abin da ke cikin ƙaramin rumbu. Inna ta taɓa gaya mini ta daina bi ta bayan gida, wai ƙamshin gero take ji ko iska ba ta kaɗa ba.

Yaya ne ya fara ɗaga maganar, Baba ya ce ajiya ce. Ya sake ɗagawa, ya sami amsa iri ɗaya. Daga nan ya je ya sami limamin garinmu, liman ya zo har zaure ya zauna. Ya yi bayani a natse cewa shari'a ba ta ce a mutu da yunwa kusa da abinci ba, larura tana halatta a ci. Baba ya saurare shi har ya kai aya, ya yi masa godiya, sannan ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wannan ai hukuncin wanda ya nemi mai kaya ya rasa ne. Mu mun neme shi?"

Liman ya ce gaskiya ne, ba a neme shi ba. Yaya ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Ni aka zaɓa in tafi neman Baffa, don ba ni da iyali kuma na taɓa zama Damagaram wajen karatu. Baba ya kai garmarsa kasuwar Ɗambatta, tun da babu shanun da za su ja ta, ita ta zama guzurina. Ranar da zan tashi ya rako ni har bakin gona, ya ce kada in roƙi Baffa. In gaya masa halin da gida ke ciki, in tambaye shi ko a buɗe. Abin da mai geron ya faɗa da bakinsa shi zan kawo, ba ƙari ba ragi. Abin da muka sani game da garinsu kaɗan ne: yakan ce shi mutumin Bagazam ne, gaba da Agadas. Ni a da in an ce Bagazam irin doki nake ɗauka ana nufi. Ban san dutse ba ne.

Tafiyar ba ta da daɗin faɗa. Daga Daura zuwa Damagaram, daga can zuwa Agadas, duk a saman lodin manyan motoci. Mutane kudu suka nufa, a ƙafa, da yara da tabarmi. Wani direba Badamagare, da yake abokan wasanmu ne, ya dube ni ya ce tun da ya ga Bakano ya nufi arewa a irin wannan shekara, to lallai akwai abin da ake rabawa a can. A gefen hanya gawarwakin shanu sun bushe cikin fatarsu, ko ungulu ta ƙoshi ta bar su.

A Agadas na yi ta tambaya da sunansa, sai na tarar masu irin sunan sun fi a ƙirga. Abin da ya fisshe ni shi ne alamar da ake yi wa raƙumansu da ƙarfe mai zafi a wuya. Tun ina yaro nake ganinta a gonarmu, sai na riƙa zana ta a ƙasa duk inda na ga dattawansu zaune. Wani tsoho ya gane ta, ya haɗa ni da wasu masu jakuna da za su koma gindin dutsen. Na bi su a ƙafa. Tun da sauran tafiya mai yawa muka fara ganinsa, baƙi ƙirin, ya tare gabanmu kamar hadari. Muna tafiya yana girma amma ba ya matsowa.

Na sami Baffa a wani ɗan ƙauye a bakin busasshiyar ƙorama, cikin rijiya, yana ƙara mata zurfi. Da aka jawo shi ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Ya gyara amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da mazansu ke rufe baki da hanci da shi, ya kama hannuna ya ƙi saki. Raƙumansa duk sun mutu, shi ya sa bai zo ba. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, har gawon gonarmu sai da ya tambaya ko yana nan. Sai bayan la'asar na sami damar faɗar abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Yana nan? Har yanzu?"

Na ce yana nan, lakar bakin ko tsagewa ba ta yi ba.

Ya ja amawalin sama har idanunsa kaɗai nake gani. Da ya yi magana, sai ya ce geron ba nasa ba ne. Nasa shi ne wanda ya ɗauko a wancan zuwan, an cinye shi tuni. Wanda ya bari na ƙanwarsa ne. Ita ta ba shi cukunta da fatun awakinta ya sayar a Kano ya saya mata gero, shi ɗan aike ne kawai. Mu a gida babu wanda ya taɓa kawo wannan a ransa. Mun ga namiji ya zuba gero a rumbu, mun ce nasa ne.

A wurinmu ma mace tana da akuyarta da 'yar gonarta, ba a ci mata. Amma in magana ta taso a waje, yayanta ko mijinta yakan yanke, daga baya a gaya mata. Da wannan tunanin na ce masa ai shi ne babba, shi ya zuba geron da hannunsa, in ya ce a buɗe Baba zai karɓa, ita kuma ya fahimtar da ita. Baffa ya yi dariya har da tari.

"Babanka ya turo ka tun daga Kano don kada ya taɓa kayan wani, ni kuma ina zaune a nan in kyautar da kayan wata? Kai ba ka san ta ba ne. Ni na san ta."

Na tambayi inda take, ya nuna sama da haɓa. Tana can bisa dutsen da sauran awakinta, kusa da ƙoli, inda ruwa ya ɗan rage. Ba ta saukowa, babu kuma mai hawa a kwanakin nan da za a ba saƙo. In ina son in ji daga bakinta sai na hau, shi zai kai ni. Raina ya so in juya daga nan. Amma na san tambayar farko da Baba zai yi mini, kuma ba ni da amsarta tukuna.

Muka tashi bayan sallar asuba. Na sa babbar rigata don zan gaida babbar mace, Baffa ya sa na cire na naɗe ta a baya tare da salkar ruwa. Farkon hanyar ta jakuna ce, tana lanƙwasa tana hawa cikin tsakuwa. Na kama ta yadda muke kama kunya ranar noma: da ƙarfi tun da sanyin safiya, don a ci rabin aiki kafin rana ta ɗaga. Na bar Baffa can baya yana taku ƙanana-ƙanana kamar mai neman allurar da ta faɗi. Har tausayinsa na ji. Kafin hantsi ya yi kyau cinyoyina sun fara rawa, ƙirjina yana zafi, numfashi ba ya isa. Na zauna a kan wani dutse. Ya zo ya wuce ni da takunsa na ɗazu, ya ce, "Bakano, ka gama kunyar? A nan kunya ba ta da ƙarshe, babu kuma mai kawo maka fura."

Ya hana ni kwankwaɗar ruwa, ya ce kurɓi kawai, in riƙe shi a baki kafin in haɗiye. Ya ce in bi bayansa, in sa ƙafa inda ya ɗauke tasa, in rufe bakina. Haka na yi, kuma tafiyar da na raina ita ta yi ta cin dutsen.

Gaba kaɗan hanyar jakuna ta karkata, Baffa ya ce doguwa ce, ruwanmu ba zai kai ba. Muka shiga wani kwazazzabo da ya tsaga dutsen daga sama har ƙasa, cike da manyan duwatsu baƙaƙe sumul, wani ya kai ɗakin soro. A nan tafiya ta ƙare, sai rarrafe. Na cire takalmana na taya na rataya a wuya, don santsi suke yi. Dutsen ya ɗau zafi, tafin ƙafa yana ƙuna, yatsu suna neman tsaga. Hannuna ya saba riƙe abin da ke ƙasa da ni, bai saba ɗaga ni ba. A wani wuri wani ƙaton dutse ya maƙale tsakanin bango da bango, muka bi ta ƙarƙashinsa a kan ciki muna tura salka a gaba, ina ta salati.

Inda na tsaya cak shi ne wata siririyar hanya a jikin bangon dutse, faɗinta bai fi kan katanga ba. Dama bango, hagu babu komai sai iska, can ƙasa duwatsun da muka sha wahalar hawa sun koma kamar na murhu. Baffa ya wuce kamar mai shiga zaure. Ni na shiga har tsakiya, sai na leƙa. Ƙafafuna suka ƙi gaba suka ƙi baya. Na manna kuncina da dutsen, na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, amma ƙafa ba ta motsa ba.

Baffa bai miƙo hannu ba, bai kuma ce in yi ƙarfin hali ba. Ya sami wuri a ɗaya gefen ya zauna, ya ce wai ya manta, gonar wa ke gabas da tamu? Na gaya masa. Ya ce ta bayanta fa, mai tsamiyar nan? Na ce ta maƙeri ce. Ya ce a'a, shi ya san ta mai unguwa ce. Na ce wallahi ta maƙeri ce, mai unguwa aronta ya yi wata shekara. Ya ce in matso, ba ya ji sosai. Muka yi ta gardamar gonakin garinmu, ina bin su ɗaya bayan ɗaya har bakin rafi, sai na ji hannunsa a kafaɗata. Ashe na haye ban sani ba.

Azahar ta same mu a wata inuwa. Ruwanmu na sha ne kawai, sai muka yi taimama a jikin dutsen, muka yi ƙasaru. A bangon da ke gefenmu akwai wani rubutu da aka ƙwarzana, da'ira da ɗigo da 'yan sanduna. Na nemi harafi ko ɗaya mai kama da ajaminmu ban samu ba. Baffa ya ce nasu ne, wani ne ya rubuta sunansa yana gaida wata.

Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne in hango baki a sama in ce shi ne ƙarshe, in isa in tarar da wani a bayansa. Na daina tambaya, don amsar Baffa ɗaya ce, saura kaɗan. Rana ta yi sanyi muka fito daga kwazazzabon, sai ga fili shimfiɗe a saman dutse, da gidaje da lambuna, kamar an ɗauko wata ƙasa an ɗora. Yawancin gidajen babu kowa, lambunan sun bushe. Wani dattijo da ya ƙi barin gidansa ya ba mu wurin kwana. Ya ce ƙanwar Baffa ta tashi daga inda take, bai san gefen da ta koma ba, sai dai mu hau ƙoli mu duba.

Hawan safe gajere ne, amma duk tsakuwa ce mai zamewa, ka yi taku ta dawo da kai rabi, ga iska mai sanyi. Ƙarshensa sai da hannu kuma. Da na ɗora ƙirjina a kan dutsen ƙarshe na ɗaga kai, babu wani a bayansa. Wuri ne da bai fi tsakar ɗaki ba, da 'yan duwatsun da masu zuwa suka tara.

Na tsaya na duba ko'ina. Duwatsu, bayansu duwatsu, can gabas farin rairayi har inda ido ya gaza. Babu gona, babu hayaƙi, babu kuka ko rimi da za ka ce can gari ne. Sai a nan na lura ban taɓa tsayawa inda ba a jin motsin mutum ba. A wurinmu ko tsakiyar gona kake za ka ji daka, ko carar zakara, ko wani yana kiran wani. A nan iska ce kawai, in ta tsaya sai ka ji bugun zuciyarka. Tsoro ya kama ni, ba irin na jiya ba. Na yi taimama na yi nafila. Baffa kuwa ƙasa yake dubawa gefe-gefe, har ya nuna mini wasu 'yan ɗigo-ɗigo a wani lungu ta arewa ya ce ga awakin.

Muka gangara. Mun same ta a bakin wani kogo mai ɗan koren ruwa a ƙasansa, ita da 'yarta da jikoki. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin zane, fuskarta a buɗe. Na sa rigata na durƙusa na gaishe ta, na ce mata Gwaggo. Ta ba mu nono kaɗan a akushi. Baffa ya gabatar da ni ya koma gefe, ya bar ni da ita. Ban saba zama gaban macen da ba ta gidanmu ba in yi doguwar magana, sai na sunkuyar da kai ina yi wa ƙasa bayani. Ta katse ni da Hausarta mai nauyi ta ce in ɗago, ita ce mai geron, ba tsakuwa ba.

Na faɗa mata komai yadda Baba ya ce. Ta tambaya ko akwai yara a gidan, na ce akwai. Ta tambayi abin da suke ci, na gaya mata. Sai ta juya ga Baffa ta yi ta magana da harshensu, da zafi, tana nuna kudu da hannu. Da ta tsaya, Baffa ya ce mini wai ta ce Babana mutumin kirki ne.

"Ba shi kaɗai na ce ba," in ji ta. "Na ce mutumin kirki ne mai taurin kai. Jikokinsa suna cin ganye a gindin gero, shi kuma ya turo ɗansa ya faɗo daga dutse. Da ni ce matarsa da tuni na fasa rumbun."

Ta ce ita tun bara ta cire geron nan daga ranta, ta ɗauka an ci, kuma ba ta riƙe kowa ba. Daga nan ta dubi awakinta, duk haƙarƙari a waje. Ta tambaye ni iya inda geron ya kai a cikin rumbun, na nuna ƙirjina. Ta tambaya ko rijiyoyinmu suna da ruwa, na ce suna da shi, sai dai da zurfi. Ta tambaya ko akuya za ta sami abin kaiwa baki, na ce akwai 'ya'yan gawo da ganyen itatuwa. Ta tashi ta je ta leƙa ruwan kogon, ta dawo ta zauna.

"Ka ce wa babanka ya buɗe. Ku ci, ku shuka. Amma ban bar masa duka ba. Ka ce masa muna tafe, za mu ci tare. Ruwan nan ba zai kai mu damina ba."

Na yi hamdala a fili. A zuci kuwa ina duban 'yarta da jikokin da Baffa, ina ɗora su a kan mutanen gidanmu, ina tuna zurfin rumbun. Ta gani a fuskata, ta ce, "Ka yi shiru, Bakano. Mun yi yawa?" Na ce, "Gwaggo, geronki ne." Ta sa na maimaita saƙon har ta gamsu ban canza kalma ba.

Baffa ya sauko da ni ta hanyar jakuna, don mun cika salka a kogon. A gindin dutsen muka rabu, shi ya koma ya shirya su, ni na yi gaba da saƙo.

Na iso gida da hantsi, zafin bazara ya kai matuƙa. Baba yana zaure. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce, "Me ya ce?" Na ce ba shi ne mai cewa ba. Na ba shi labari tun daga rijiya har kogo, na faɗi maganarta yadda ta faɗa, har da taurin kan ban rage ba. Ya tambaya ko daga bakinta na ji ko Baffa ne ya fassara, na ce daga bakinta. Ya ce Alhamdu lillahi, ashe ko mai shi ba mu sani ba. Ya sa aka kawo tsani, na hau na ɗage jinka na fasa lakar. Damin da ke sama ƙwari sun ɗan taɓa, sauran lafiya lau. Na riƙa miƙo wa Inna tana karɓa.

Sai da na sauko na lura an ɗaure zana a ƙofar sashen Yaya. Inna ce ta gaya mini. Bayan tafiyata ƙaramar 'yarsa ta fara kumburin ƙafa. Ya sake samun Baba, suka yi magana a zaure wadda Inna ba ta so ta maimaita ba. Washegari ya kwashi matarsa da yaran ya tafi birni, yana dako a kasuwa.

Su Gwaggo sun iso kafin ruwan farko, da awakin da hanya ta bari. Baba ya sauke su a sashen Yaya tun da shi ne babu kowa. Ranar da ta shiga ta ga turmi da 'yan ƙoren yara, ta tambayi masu wurin, Inna ta gaya mata. Gwaggo ta sa aka fito da gero aka sussuka aka cika buhu, ta ce in kai wa mai sashen, in gaya masa daga mai geron ne.

Na sami Yaya a wani ɗan ɗaki da ya kama a bayan kasuwa. Yarinyar ta fara tashi tana dafa bango. Ya karɓi buhun ya ce a yi wa Gwaggo godiya. Ya tambaye ni dutsen, na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe. Na ce Baba ya ce ya dawo, ga shuka ta zo. Ya ce sai bayan damina.

Damina ta zo, ba mai yawa ba, amma ta isa. Da geron nan muka yi iri. Su Gwaggo suka zauna da mu har aka sami kaka mai kyau, sannan suka koma. Yaya kuwa bai dawo gandu ba, a wannan shekarar ko bayanta. Yakan zo da Sallah ya durƙusa ya gaida Baba a zaure, su yi maganar ruwa da lafiyar yara, washegari ya koma. Har Baba ya rasu ban ji ɗayansu ya ambaci rumbun ba, ni ma ban taɓa tambayarsu ba. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani.